Ranar da Tully Ya Ƙi Matakala

Merv Tierney ya sake ɗora guntun naman a tsakiyar matakalar, ya ja da baya, ya yi fito. Karensa Tully ya dubi naman, ya dubi Merv, sannan ya zauna a ƙasa ya soma sosa kunne.

Karo na shida ke nan. Bakwai saura kwata, ana fara gwanjo ƙarfe takwas, kuma daga gonar zuwa kasuwar tumaki ta Wagga tafiyar minti hamsin ce. Tun jiya da yamma tirela ta kwashe 'yan ragunansa, suna can cikin shinge suna jira, shi kuwa yana nan a bayan akori-kura yana lallashin kare.

'Yarsa Bronwyn ce ta aiko da matakalar daga birnin Canberra. Wani faffaɗan allon roba ne mai ninkewa biyu, an bi samansa da baƙin abu mai kaushi don kada ƙafa ta zame. A jingina kansa a bayan mota, gindinsa a ƙasa, kare ya taka ya hau. A jikin kwalin akwai hoton wani farin kare mai gashi buzu-buzu yana hawa da harshe a waje, kamar an yi masa albishir. Tully ba irin wannan ba ne. Karen kiwo ne, ja, shekararsa goma sha biyu, kunne ɗaya a tsage, kuma tun yana ɗan wata takwas yake tsalle ya haye bayan mota kafin Merv ya gama laluben makulli. Sati biyu da suka wuce ya yi tsallen nan, ƙafafun gaba suka kama, na baya suka ƙi, ya faɗo a kan tsakuwa yana wani irin kuka da Merv bai taɓa ji daga bakinsa ba. Likitar dabbobi ta ce sanyin ƙashi ya cinye masa ƙugu, ba sauran tsalle, ko hawa ko sauka. Ɗaukarsa kuma ba ta yiwuwa, don a watan Mayu aka yi wa Merv aiki a kafaɗar dama, aka hana shi ɗaga duk abin da ya fi butar shayi nauyi.

Noeline, matarsa, tana tsaye a baranda da kofi a hannu da rigar sanyi a kan ta barci. Ta daɗe tana kallo kafin ta ce ya buɗe masa gidan gaba mana, kowa ya huta.

"Shekara arba'in da shida ina tuƙi, kare bai taɓa zama a kujerata ba," in ji Merv. "Wurin kare baya."

"To ga bayan nan. Sai ya hau."

Barinsa a gida ma an gwada. Alhamis ɗin da ta wuce Merv ya ɗaure shi ya tafi, Tully ya zame wuyansa daga igiyar, ya bi sawun motar kilomita uku har bakin titi. A cikin lambatu Noeline ta tsince shi, ya kasa tashi.

Merv ya ce bari ya nuna masa da kansa. Ya taka matakalar, taku ɗaya, biyu, a na uku robar ta lanƙwashe ta yi wata ƙara, ya diro da sauri yana dafe da kafaɗa. Tully ya ja da baya ya yi wa allon haushi sau biyu. Noeline ta ce madalla, da can zato karen yake yi cewa allon ba abin yarda ba ne, yanzu an tabbatar masa.

A ƙarshe ita ta ajiye kofinta ta sauko. Ta tallabo ƙugun karen, Merv ya tallabo ƙirjinsa da hannun hagu, suka ɗora shi kamar buhun taki. Ta miƙe tana riƙe da bayanta, ta ce shekararta sittin da takwas, kuma wannan ne na ƙarshe. Ta tuna masa cewa likitar dabbobi na jiransu ƙarfe biyu da rabi. Merv ya ninke matakalar ya wurga ta kusa da Tully, ya tayar da mota.

Da ya so ya ajiye mota can ƙarshen fili, bayan tireloli, inda ba kowa. Amma ya makara, wuri ɗaya ya rage, daidai gaban kantin shayi, inda Clarrie Doolan da wasu mutum huɗu suke tsaye suna dumama hannu da kofuna. Gonar Clarrie ce ke iyaka da tasa ta yamma. Tun suna makarantar firamare suke tsokanar juna, kuma babu alamar ɗayansu ya gaji.

Merv ya sauke ƙofar baya, ya buɗe matakalar ya jingina, yana yi kamar abin da ya saba ne kullum. Hira ta tsaya.

"Mutumina, mene ne wannan?" in ji Clarrie. "Sarauniya ka ɗauko?"

"Bronwyn ce ta aiko."

"Ba ta haɗo da jan kafet ba?"

Wani ya tambaya ko ana sayar da irinta ta mutane, don surukarsa na fama da hawa gado. Wani kuma ya ce a birni ya ji har tabarau ake yi wa karnuka. Merv bai kula su ba. Ya sa wa Tully takunkumi kamar yadda dokar kasuwa ta ce, ya kwance sarƙarsa, ya buga allon da tafin hannu, ya kira shi a hankali da irin muryar da bai taɓa yi wa kare magana da ita a gaban mutane ba.

Tully ya zo bakin matakalar ya shinshina. Sai iska ta kawo masa warin tumaki dubbai da kukansu. Ya juya, ya ɗora ƙafa a gefen mota, ya diro.

Ƙarar da ya yi da ya taɓa ƙasa ta katse dariyar. Ya mirgina, ya tashi, ƙafar baya ta hagu a ɗage, ya yi taku uku a kan ƙafa uku kafin ya sauke ta. Merv ya tsaya da sarƙa a hannu, wuyansa ya yi ja har kunne. Ya zagi karen, ya zagi matakalar, ya zagi duk wanda ya zauna a ofis ya ƙirƙiro ta. Clarrie ya dubi cikin kofinsa.

Gwanjon bai ɗauke masa hankali ba. Ya bi ayarin masu saye daga shinge zuwa shinge, mai gwanjo na tafe a kan gadar ƙarfe yana zuba magana kamar ruwan famfo, amma idon Merv na ƙasa, a kan ɗingishin da ke biye da shi. Da aka zo kan ragunansa sai da dillalinsa ya taɓa shi ya ce an sayar, farashin ba laifi. Ya gyaɗa kai. Da ya waiwaya, babu Tully.

Ya same shi a wajen lodi. Wani direban tirela na fama da garken tumakin da suka cije a gindin gangaren ƙarfen da ake kora su ta kai zuwa bene na biyu na motar. Ya yi ihu, ya kaɗa leda, ya tura da gwiwa, ta gaba ta kafe ƙafafu ta ƙi. Tully ya ratsa ta ƙarƙashin shinge, ya kwantar da kai, ya matso ta gefe a hankali. Bai yi haushi ba, takunkumin ma ba zai bar shi ba. Ta gaban ta dube shi, ta juya, ta kama hawa, sauran suka bi. Shi kuma ya bi bayan ta ƙarshe, ya haye gangaren nan mai tsayi, mai santsin kashin tumaki, mai girgiza a kowane taku, har can sama. Ya tsaya ya tabbatar sun shige, sannan ya sauko a hankali yana jan ƙafa.

Direban ya ce wannan kare ne, nawa za a sayar masa. Merv ya ce ya ɗauke shi kyauta, har da matakala.

"Wannan ka hau," ya ce wa Tully. "Wannan da ta fi rufin ɗakina tsawo. Amma taku huɗu na roba ya gagare ka."

Tully ya kaɗa wutsiya sau ɗaya ya kwanta a inuwar shinge, yana haki.

Clarrie ya ga abin da ya faru, kuma da rana, da lokacin tafiya ya yi, shi ya kawo shawara. Ya ce ai maganar a fili take, karen nan ba ya hawa komai sai da dalili, a sa masa tunkiya a gaba. Da wasa ya faɗa, amma Merv ya riga ya kai inda zai gwada ko mene ne. Suka aro wata tsohuwar tunkiya daga cikin waɗanda Clarrie ya saya, suka jawo ta har bayan akori-kura, mutanen kantin shayi suka sake fitowa kallo, har da matar da ke soya musu dankali.

Tunkiyar ta haye matakalar ba gardama, kamar don ita aka ƙera ta. Tully kuwa, maimakon ya bi ta, sai ya zagaya ta gaban mota ya tsaya yana tare mata hanya kada ta diro ta can, kamar yadda aka koya masa shekara goma sha biyu. Tunkiyar ta tsaya a tsakiyar bayan motar, ta dubi jama'a, ta saki fitsari a kan buhun da Tully ke kwanciya.

Mai soya dankali sai da ta zauna a kan dakali don dariya. Merv ya ce wa Clarrie ya sauke dabbarsa kafin ya yanka ta a nan.

Da aka watse, Clarrie ya mayar da tunkiyar ya dawo. Ya sunkuya ya ɗauki Tully cak ya ɗora shi a bayan mota. Bai sake shi nan da nan ba. Ya bi ƙugunsa da yatsu, inda da can nama ne yanzu sai ƙashi, ya ji yadda karen ya ƙanƙame jiki.

"Merv," ya ce, ba tare da ya dube shi ba. "Lokacin da karyata Peg ta kasa tashi, kai ka zo ka yi mini. Ban manta ba. In ka shirya, ka buga mini waya kawai. Ka ɗauki Noeline ku shiga gari, kafin ku dawo na gama, na haƙa, na rufe."

Haka ake yi a wannan yankin tun zamanin iyaye. Mutum ba ya ɗaga bindiga a kan karensa, maƙwabci ke yi masa. Shekara tara da suka wuce Merv ya yi wa Clarrie, a bayan rumbun ciyawa, kuma har yau ba ya son bin ta wurin.

"Yanzu ka gan shi ya loda tirela," in ji Merv.

"Na gani. Na kuma ga yadda ya sauko."

Merv ya ɗaure sarƙar, ya ja ta sau biyu ko da yake ta riga ta kama. Ya ce yana da likita ƙarfe biyu da rabi, ya shiga mota.

A asibitin dabbobi ita likitar da kanta ta fito ta sauke karen. Dakta Anjali Pereira ce, ba ta fi shekarun Bronwyn ba, ga ta 'yar siririya, amma ta ɗauki Tully kamar matashin kai. Ta dudduba shi a kan tebur, ta lanƙwasa ƙafar, ta ce bai karye ba, amma ya fama ciwon sosai, kuma in ya ƙara irin wannan dirowar sau ɗaya ko biyu, ba ta yi alkawarin zai sake tashi ba. Ta yi masa allura, ta ce za a riƙa yi duk wata.

Merv ya ce matakalar nan shirme ce. Ta ce ba shirme ba ce, tana da amfani ƙwarai, sai dai ba a rana ɗaya kare ke yarda da ita ba. A shimfiɗa ta a ƙasa tukuna, ya yi sati yana takawa ana ba shi nama, sannan a ɗaga kanta a kan bulo ɗaya, sannan biyu. Ta tambaye shi ko ya karanta takardar da ke cikin kwalin. Ya ce Noeline ta kunna murhu da ita. Wannan ba gaskiya ba ne, shi ya kunna.

Ya tsaya yana murza bakin malafarsa, sannan ya yi tambayar da ya zo da ita tun daga kasuwa: ko dai wahalar da shi kawai suke yi.

"Yana cin abinci? Yana son fita aiki?"

"Fiye da ni."

"To lokaci bai yi ba, Mista Tierney. In ya yi zan gaya maka, ba zan ɓoye ba. Abin da yake bukata yanzu shi ne ɗumi da wuri mai laushi. Kujerar nan ta taimaka masa sosai a sanyin bana."

"Wace kujera?"

Likitar ta ɗago kai daga kwamfuta. Ta ce ai Misis Tierney ce ta bugo waya tun watan Yuni tana tambaya ko hawa kujera zai cutar da shi, wata kujerar kushin mai ruwan ƙasa da ke kusa da murhu, inda yake kwanciya da rana. Ita kuma ta ce mata kwanciyar na da kyau, hawan da saukar ne abin lura. Tana cikin magana ta ga fuskar Merv, sai muryarta ta yi ƙasa, ta koma danna kwamfuta.

Kujera mai ruwan ƙasa ɗaya ce a gidan. Ta mahaifinsa ce, a kanta tsohon ya yi shekarunsa na ƙarshe, kuma ko Bronwyn tana ƙarama ba ta isa ta hau ta da takalmi ba. Wata uku ke nan Merv na kakkaɓe jan gashi daga wandonsa yana cewa injin wanki ya lalace.

Da suka fito an fara yayyafi mai sanyi. Likitar ta riga ta shiga da wata mage da aka kawo a guje, babu mai ɗaukar masa kare. Ya dubi bayan motar, buhun ya jiƙe da ruwa da fitsarin tunkiya. Ya buɗe gidan gaba don ya ɗauko wayarsa, bai ma yanke shawarar wa zai kira ba. Tully ya ratsa ta gefen ƙafarsa, ya taka ƙarfen ƙofa, ya taka ƙasan motar, ya ja jiki ya hau kujerar fasinja, ya zagaya sau ɗaya ya kwanta da haɓa a kan hannun ƙofa. Babu laluɓe, babu shinshina. Ya san inda komai yake.

Merv ya daɗe a tsaye cikin yayyafin.

"Har nan ma," ya ce.

Hanyar gida minti hamsin ce, kuma duk ya cinye ta yana tsara abin da zai faɗa wa Noeline. Zai fara da mahaifinsa. Zai ce gida gida ne, gona gona ce, kuma ranar da aka daina bambancewa, sai a buɗe wa tumaki ɗakin barci. Zai tambaye ta ko akwai sauran abin da ake yi a bayan idonsa. Ya maimaita wa Tully wasu sassan da ƙarfi. Tully ya yi barci tun kafin su bar kwalta, iskar ɗumi na busa masa ciki.

Noeline na yanka kabewa a kicin da suka shigo. Ta taga ta ga daga inda karen ya sauko. Merv ya tsaya a bakin ƙofa da malafa a hannu, ya buɗe baki, sai Tully ya wuce ta tsakanin ƙafafunsa ya nufi falo kai tsaye, ƙusoshinsa na ƙwanƙwasa katakon ƙasa.

Suka bi shi su biyun. Ya ɗora ƙafafun gaba a kan kujerar, ya yunƙura, na baya suka yi rawa suka ƙi. Ya sake yunƙurawa, ya zame. A karo na uku bai yunƙura ba, ya tsaya a haka, rabi a sama rabi a ƙasa, ya waiwayo ya dubi Noeline.

"Da ni nake tura shi," ta ce. "Yau bayana ba zai iya ba."

"Tun Yuni," in ji Merv.

"Tun Mayu. Kana asibiti, gidan ya yi shiru."

Merv ya dubi kujerar, ya dubi ƙafafunta na katako, kowace ta kai tsawon tafin hannu. Ya ajiye malafar a kan talabijin ya fita. Noeline ta ji ƙofar rumfar kayan aiki, ta ji ana watsi da ƙarafa ana ƙunƙuni. Ya dawo da zarto.

Ya sa ta riƙe karen, ya ture kujerar da gwiwa ta kife. Da hannun hagu ya yi yankan, saboda haka ya ɗauki lokaci, kuma babu ƙafar da ta fito daidai da 'yar'uwarta. Garin katako ya zuba a kan kafet ɗin da ta share da safe. Ba ta hana shi ba. Da ya gama ya mayar da kujerar, ta zauna dab da ƙasa tana ɗan karkata hagu, ya tura tsohuwar jarida a ƙarƙashin wannan gefen. Tully ya shinshina ta, ya taka ya hau kamar mai hawa dakali, ya zagaya, ya kwanta ya saki dogon numfashi.

Noeline ta dubi kujerar, ta dubi mijinta da ke tsaye yana haki da zarto a hannu.

"Da gwiwoyin nan naka, in ka zauna a wannan, wa zai tashe ka?"

Merv ya jawo kujerar katako daga teburin cin abinci, ya ajiye ta a ɗaya gefen murhun, inda ɗumi bai cika kaiwa ba, ya zauna.

"Wa ya ce miki zan ƙara samun zama a kanta?" ya ce, ya soma kwance takalmi.